Na Tara Kuɗin Anko, Mai Kaya a Yamai Ta Toshe Lambata

Wata 'yar'uwa ce ta rubuto mini daga Tawa. Ga abin da ta ce, a taƙaice:

"Inna, ina gaisuwa. Ƙanwar maigidana za ta yi aure, dangi suka ɗora mini fitar da anko. Na ga wata atamfa a shafin wata mata mai sayar da kaya a Yamai, tana da mabiya da yawa a Facebook da TikTok, muka koma WhatsApp muka yi ciniki. Mu mata 20 ne, kowace ta ba da jika 12, wato sefa dubu 12, na haɗa jika 240 na aika mata a tashi ɗaya. Ta ce kwana 5 kaya suna hannuna. Sai da aka yi kwana 26. Duk lokacin da na kira sai ta ce 'suna hanya, ki yi haƙuri', wata rana kuma yarinyarta ce ke ɗauka ta ce madam ba ta kusa. Da kayan suka iso na kwance, turmi 13 na tarar maimakon 20, launin ba shi ne na hoto ba, kuma da taɓawa kin san roba ce. Na aika mata hoto, ta ce haske ne ya sauya launin, kuma kayan da aka saya ba a mayarwa. Da na matsa sai ta toshe lambata. Saura kwana 16 biki. Matan sun fara magana ƙasa-ƙasa wai na sayi mai araha na ci sauran. Barci ya gagare ni. Maigidana ya ce a bar wa Allah, in ya samu zai biya daga aljihunsa. Ƙawata kuma ta ce in sa hoton matar a Facebook in rubuta ɓarauniya. Inna, me zan yi?"

Ɗiyata, sannu da wannan ɗawainiya. Maganar ƙasa-ƙasar nan ta dangin miji ita ta fi tsaya mini a rai, domin kuɗi ana samun wasu, amma in aka shafa wa mace kashin kaji a gidan aurenta, sai ya shekara bai wanku ba. Saboda haka daga Tawa za mu fara kafin mu taka zuwa Yamai.

Kada rana ta faɗi gobe ba ki tara matan nan ba. Ban ce a zauren WhatsApp ba, inda kowa ke jefa magana daga bayan waya. A tsakar gida nake nufi, gaban uwar mijinki ko wata babba da kowa ke jin nauyinta. Ki shimfiɗa tabarma, ki zube turmi 13 ɗin yadda suka zo, har da buhun da aka ƙunso su. Ki ɗora resin da kamfanin aika kuɗi ya ba ki a kai, mai ɗauke da adadin kuɗin da kwanan wata da sunan wadda ta karɓa. Sannan ki buɗe waya ki kunna musu saƙonnin murya ɗaya bayan ɗaya, su ji "suna hanya, ki yi haƙuri" da kunnensu. Ba sai kin yi rantsuwa ba, ba sai kin yi kuka ba, takarda da murya sun ishe ki shaida. Na san abin da ya sa kika yi ta rufa-rufa har yau: kina fatan ki gyara kafin kowa ya sani. To, shirun naki ne ya ba su filin lissafi, kowace ta koma ɗakinta tana ƙirga abin da take zaton kin ci.

Akwai wuri ɗaya da za ki amsa kuskure, kuma ki amsa shi da bakinki kafin wata ta riga ki: kin aika kuɗin mutane gaba ɗaya ga wadda ba ki taɓa saye a hannunta ba, ko turmi ɗaya ba ki fara gani ba. Wannan gaggawa ce, kuma gaggawa daban, cin amana daban. Malaman fiƙihu suna cewa wakili amintacce ne, ba a ɗora masa ramuwar abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka wakilta shi a kai. Ko abin da kika yi ya kai sakaci, malamin unguwarku ne zai duba bayan ya ji kowane ɓangare, musamman in matan sun ga hoton sun amince kafin ki aika. Ni abin da nake so shi ne a tashi daga zaman nan an zaɓi mata biyu daga cikinsu su tsaya tare da ke kan maganar. Kuɗin mutum 20 ne, bai kamata mutum ɗaya ta kwana da shi a ƙirji ba.

Kafin zaman da bayansa, kada almakashi ya taɓa kayan nan. Kada a raba, kada a kai wa tela, kada a wanke. Da zarar an yanka, an ba ta hujjar cewa kun karɓa. Abin da za ki yi kawai shi ne gwaji, kina yi ana ɗaukar bidiyo da hasken rana. Ki zare zare ɗaya daga gefen da ya tsefe, ki kusantar masa da ashana. Auduga takan ci wuta kamar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Roba kuwa takan janye daga wutar, ta narke, ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a gefe ki ga ko za ta zuba. Ki ɗauki hoton rubutun da ke bakin zanen da takardar da aka manna a jiki, ki jera da hoton da ta tallata. Ki kuma adana takardar da tashar mota ta ba ki lokacin karɓar saƙon, domin a kanta akwai sunan wanda ya kawo kayan tasha a Yamai, kuma sau da yawa har da lambarsa.

Yanzu bari in gaya miki wace ce kike fama da ita, don ki san ta inda za ki ɓullo mata. Na daɗe a Yamai, na shiga ɗakunan masu irin wannan sana'a, wasunsu ma 'ya'yan ƙawayena ne. Da yawa ba su da kanti, ba su da ɗakin ajiya. Ɗaki ne da katifa da wayoyi biyu ko uku a caji. Hotunan da kike gani suna sheƙi, manyan diloli ne ke turo su daga Kantin Kwari a Kano, ko Lome, ko Kwatano, ko Dubai da ƙasar Sin. Mai shafi ta ɗora ribarta ta sa a kasuwa, alhali ko taɓa kayan ba ta yi ba. Sai kuɗinki ya shigo sannan ta tashi nema. In ta kira dila ya ce wancan zanen ya ƙare, maimakon ta dawo ta gaya miki, sai ta ce a ba ta "mai kama da shi", ta yi fatan ba za ki lura ba, ko kuma kunya da ƙurewar lokaci su sa ki karɓa. Wata kuma da kuɗinki take cike gurbin wadda ta biya makon jiya, ke ki jira kuɗin wadda za ta biya makon gobe. Haka ake haƙa rami a cike wani rami har ranar da ƙasa ta ƙare.

Akwai cikakkun mazambata, waɗanda ke karɓar kuɗi su jefar da layi su buɗe sabon shafi da wani suna. Ban ga alamar taki tana cikinsu ba. Wanda ya yi niyyar gudu ba ya aiko turmi 13. Wannan tana nan, tana ci gaba da talla, tana buƙatar sunanta don ta ci abinci gobe, kuma mai buƙatar sunansa ana iya zaunar da shi.

Za ta kawo miki uzurin hanya, kuma akwai gaskiya a ciki. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 hanyar Kwatano ta gadar Gaya ta rufe, kaya masu yawa suka koma sauka a Lome su ratso Burkina Faso cikin ayarin manyan motoci da rakiyar sojoji, ga tsada ga jinkiri. Duk ɗan kasuwar Yamai ya ɗanɗana wannan. Amma wanda ya san haka ba ya cewa kwana 5. In kuwa kayan suna hannunta kamar yadda ta nuna miki, tsakanin Yamai da Tawa kilomita 500 ne da ɗoriya: motar da ta tashi da asuba ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, a ranar take shiga Tawa. Rufewar gada ba ta mayar da auduga roba, ba ta kuma mayar da 20 su zama 13.

Kalmar nan "ki yi haƙuri" ita ta fi ƙona mini rai a cinikin waya. Haƙuri kalma ce mai daraja a wurinmu, da ita ake yi wa mai rashi ta'aziyya, da ita ake riƙe aure. Yanzu wasu masu sayarwa sun mayar da ita marufin bakin mai saye. Kin tambayi ina kayanki, a ce ki yi haƙuri. Kin tambayi yaushe, a ce ki yi haƙuri. In kika ɗaga murya kaɗan, ke ce marar tarbiyya. Wanda zai ba da haƙuri na gaskiya sai ya fara faɗin abin da ya faru, ya sa rana, ya cika. Na tabbata da matar nan ta kira ki a kwana na shida ta ce "ɗiyar Tawa, zanen ya ƙare, ga wasu ki zaɓa ko in mayar miki da kuɗinki", da yau ba ki rubuto mini ba, da ma ke ce za ki kai mata wasu masu saye.

Maganar "kayan da aka saya ba a mayarwa" kuwa, ba ta da gindi a nan. Wannan ƙa'ida ce ta wanda ya gani da ido, ya taɓa, ya zaɓa, daga baya ya sauya ra'ayi. Ke ba ra'ayi kika sauya ba, kayan aka sauya miki. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zauren malami ya wuce ta babin ciniki inda aka halatta sayen abin da ba ya gabanka bisa siffantawa. A mazhabar Malikiyya, in abin ya zo yadda aka siffanta ciniki ya tabbata, in ya saɓa mai saye na da zaɓi. A cikin Risalar ma an hana gindaya sharaɗin sai an biya kafin a gani idan kayan suna nesa, sai abin da ba a tsoron sauyawarsa kamar gida ko fili. Dubi yadda magabata suka hango wannan matsala tun babu waya. Ga kuma hadisin da Muslim ya ruwaito: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannu, yatsunsa suka ji danshi. Mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa. Sai ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Hoton da aka gyara wa launi, aka aiko da wani abu daban, jiƙaƙƙen hatsi ne a ƙarƙashin busasshe. Ta fuskar hukuma ma, tun 2015 Nijar na da dokar da ta shimfiɗa ginshiƙan kare haƙƙin masu saye. Rubutun da mutum ya yi a shafinsa ba ya soke haƙƙin wani.

Kafin ki sake yi mata magana, ku yanke shawara ke da matan: me kuke so? Ko dai a mayar da turmi 13 a karɓi jika 240 cif, ko a riƙe su a karɓi kuɗin turmi 7 da ba su zo ba, wato jika 84, tare da ragi kan waɗanda suka zo tunda ba ajinsu ɗaya da abin da aka biya ba. Na farkon haƙƙinku ne. Ragin kuwa sulhu ne, sai da yardar juna. In kuka tafi ba ku tsaida abu ɗaya ba, za ta yi ta juya ku.

Daga nan sai saƙo guda ɗaya, a rubuce, daga wayar maigidanki tunda ta toshe taki. Ba zagi, ba Allah ya isa, ba dogon labari. A yi sallama, a ambaci ranar da aka aika kuɗi da adadinsu da lambar resi, a ce an yi ciniki kan turmi 20 na zane kaza, an karɓi 13 na wani daban, ga hotuna. A faɗi abin da ake nema da ranar da ake so a gani, kwana 3 ya isa. A rufe da cewa in ranar ta wuce za a kai maganar gaban hukuma. Shi ke nan. Akwai abin da nake so ku samu daga amsarta ko da ba ta biya nan take ba: ta amsa da bakinta ko da rubutunta cewa eh, akwai jika kaza a kanta. Ko da cewa ta yi "na sani, ku ba ni zuwa ƙarshen wata", ku adana wannan kamar zinariya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Duk hirarku tun daga farko a ɗauki hotonta a tura wa wata waya, domin ana iya goge saƙo, waya kuma tana iya faɗawa ruwa.

Ba za ku zauna jiran kwana 3 hannu rungume ba. A nan ne nake so ki tuna ke 'yar ina ce. Mutanen Adar, wato yankinku na Tawa, sun shekara da shekaru suna tafiya bida Abijan da Libiya da sauran wurare, suna aiko da kuɗi da kaya gida tun kafin a san wani abu wai shi intanet, kuma saƙo na isa. Me ya sa? Domin kowane saƙo yana bi ta hannun wanda aka san gidansu. Fataken da ma haka suke: baƙo ya sauka gidan fatoma, dillali ya haɗa ciniki ya karɓi la'ada, in aka sami tangarɗa akwai wanda za a kama wa riga. Cinikin waya ya cire wannan mutumin na tsakiya, ya bar ki da hoto da lamba. Aikinki yanzu shi ne ki mayar da shi. Babu yadda za a yi a ce danginku ko na mijinki ba su da mutum a Yamai, a Babbar Kasuwa ko Wadata ko Katako. A sami dattijo mai nutsuwa, ɗan kasuwa in da hali, a ba shi lambarta da sunan da ke kan takardar tasha. 'Yan atamfa sun san juna, sun san wa ke sarin kaya wurin wa. Ya neme ta da mutunci, ya je da ƙafarsa ya zauna, ya gaishe ta, ya ce ga abin da ya kawo shi. Wadda ke iya toshe lamba ba ta iya toshe dattijon da ke zaune a ƙofar gidansu, gaban uwarta ko mijinta. In tana da rumfa a kasuwa, shugabannin 'yan kasuwar layin suna yin irin wannan sulhu kullum. A abin da na gani da idona, wannan hanya ta fi kowace saurin fitar da kuɗi.

In aka shirya kan mayar da kaya, kada ki ɗora su a mota da sunanta kai tsaye, ki wayi gari ba kaya ba kuɗi. Ki aika wa dattijon nan, shi ya riƙe, ta kawo kuɗi ya miƙa mata. In biya kaɗan-kaɗan za ta yi, a rubuta ranaku da adadi, ta sa hannu, shaidu biyu su sa.

Idan duk wannan ya ci tura, to sai hukuma, kuma babu abin kunya a ciki. Ku je kamisariya, wato ofishin 'yan sanda, a nan Tawa da resi da hotunan hira a buge a takarda, ku shigar da ƙara. 'Yan sandan farin kaya a Yamai suna da sashen da ke bin laifuffukan intanet. Layin waya da takardar shaida ake yi masa rajista, kuɗin da aka aika ta kamfani ma da katin shaida ake karɓa. Ke in kika je ba za su ba ki bayanin wani ba, amma in hukuma ta nema a rubuce suna bayarwa. Ki shirya jin cewa wannan rigimar ciniki ce, ba zamba ba, tunda ta aiko da wani ɓangare. A nan ne amsa bashin da na ce ku samo zai yi aiki. Akwai ma'aikacin shari'a da ake kira wisiye, wanda ke kai wa mutum takardar neman biya a hukumance, kuma dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka wadda Nijar ke cikinta, tana da gajeriyar hanya ta neman alƙali ya ba da umarnin biya idan bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, lokacinsa kuma ya yi. Ku tambayi kuɗin aikin tukuna ku auna da abin da kuke bi. Ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC-Wadata ma ana kai musu koke.

Shawarar ƙawarki kuwa, ina roƙon ki da girman Allah kada ki bi. Na san daɗin da zuciya ke hangowa, a ce duniya ta ga fuskar wadda ta wulaƙanta ki. Amma Nijar na da dokar laifuffukan intanet tun 2019, kuma gyaran da aka yi mata a watan Yuni 2024 ya maido da ɗauri kan ɓata suna da zagi ta hanyar sadarwar zamani: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Ki sa hotonta ki rubuta ɓarauniya, ita ta riga ki zuwa kamisariya, sai mai bin jika 240 ta koma mai amsa tambaya. Ban da haka, tsoron zubewar suna shi ne igiyar da kike riƙe da ita. Ranar da kika zubar da sunan, kin saki igiyar, ba ta da sauran abin da za ta yi asara in ta hana ki. Ki ja kunnen sauran matan ma, kada wata ta yi a madadinki. In ƙawa ko 'yar'uwa ta tambaye ki game da shafin, ki gaya mata abin da ya faru da ke daidai, ba ƙari, wannan nasiha ce.

Maigidanki mutumin kirki ne, wanda ya ce zai biya don ya rufa miki asiri ba a raina shi. Ki gode masa. Amma ki nuna masa cikin ladabi cewa in ya biya a ɓoye ba tare da an yi zaman nan ba, masu zargi za su ce ai ga shi, mijinta ya biya abin da ta ci. Barin abu ga Allah kuma bai hana neman haƙƙi ba, balle haƙƙin ba nasa ba ne shi kaɗai da zai yafe, na mata 20 ne, wata cikinsu wataƙila kuɗin adashinta ne, wata ta sayar da akuya. Abin da kike buƙata daga gare shi ya fi kuɗi sauƙi: wayarsa, muryarsa, da sunan mutumin da ya amince da shi a Yamai.

Sai biki, wanda ba zai jira kowa ba. Kwana 16 sun yi kaɗan a rataya anko a kan alkawarin wannan mata, ga teloli na buƙatar lokacinsu. Ku raba maganar biyu: neman kuɗi na tafiya a hanyarsa, shirin biki na tafiya a tasa. In matan sun ga atamfar da ta zo za ta saku duk da haka, a riƙe ta bayan an kammala maganar ragi a rubuce, 'yan'uwan amarya na kusa su sa, sauran a nemo musu mai launi ɗaya. In ba su so, ku shiga kasuwar Tawa ran Lahadi, ko a aika Ƙwanni, a zaɓi mai sauƙin kuɗi wadda hannu ya taɓa, kowace ta saya gwargwadon ƙarfinta, wadda ba ta da hali ta sa fari ko abin da take da shi mai kusa da launin. A nan ne taimakon maigidanki zai fi amfani, a bayyane, a matsayin rance har kuɗin su fito. Kada a ɗora wa amarya wannan damuwa, tana da nata.

Masu sayarwa da ke karanta wannan shafi, na san da yawanku masu tsoron Allah ne, kuna ciyar da gidaje da wannan sana'a, kuma kuna haɗuwa da masu sa a kawo kaya su ƙi ɗaukar waya. Ina roƙon ku abu ɗaya: in kaya ba sa hannunku, ku faɗa tun farko cewa sai an yi oda. In matsala ta taso, ku riga mai saye kira. Yarinyar da kuka ba waya ku koya mata abin da za ta faɗa banda "madam ba ta kusa".

Ke kuma ɗiyata, ban ce ki daina saye ta waya ba, domin akwai abin da ba za ki samu a Tawa ba sai ta nan. Amma nan gaba, musamman da kuɗin mutane, ki fara da turmi ɗaya ki gani. Ki sa a kira ki ta bidiyo a fito da kayan rana, a ƙirga a gabanki, a ajiye takarda mai sunanki a kai. Ki ba da kafin alƙalami kawai, cikon sai mutuminki na Yamai ya gani ya ce eh. Ki tambayi inda kantin yake, a je a duba. Yawan mabiya ba shaida ba ne, ana sayensu da kuɗi. Wadda ta fusata don kin nemi waɗannan, ki yi mata sallama tun kuɗinki na hannunki.

Yau da dare ki tattara resi da hotuna, ki gaya wa uwar mijinki kina son ganin matan gobe bayan la'asar. In wa'adin kwana 3 ya cika, ki sake rubuto mini in ji abin da matar ta ce da yadda dattijon ya same ta. Allah Ya fitar muku da haƙƙinku, Ya sa a yi biki lafiya.